Daga Fijo 504 Zuwa Hannun Gem: Abubuwan Mamaki Kan Tsofaffin Motocin Tsere

A watan Mayun 1974 motocin tsere sun shigo birnin Kano da ƙurar Sahara a jikinsu. Daga Landan suka taso, sun nufi Munich ta ƙasar Jamus, inda za a buga wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya a shekarar. Masu shirya tseren suka ga hanyar ta yi kusa, sai suka karkato da ita ta Maroko da Aljeriya da Nijar har Kano, daga nan a juya arewa. Mota 70 suka shiga, 19 suka isa, biyar kacal a cikinsu ne suka bi hanyar gaba ɗayanta ba yanke. Wani titi a Aljeriya ne ya tarwatsa su. An ƙara masa tsawo bayan an riga an rubuta takardar hanya, direbobi suka yi ta jiran ƙarshen kwalta a inda takarda ta ce, suka wuce inda ya kamata su karya, hamada ta haɗiye su. Har Stirling Moss, gwarzon direban Ingila, a nan tseren nasa ya ƙare. Wasu 'yan Ostireliya uku ne suka ci da Citroën DS. Ta biyu kuwa Peugeot 504 ce, kuma mata biyu 'yan Faransa ke cikinta, Christine Dacremont da Yveline Vanoni.

Yau shekara hamsin da ɗoriya ke nan. Motocin tseren wancan zamani sun koma gidajen tarihi da garejin attajirai, amma yaron da ya biya kuɗin gem a Azare, ko wanda ya samu caji ya cika wayarsa a Udubo, yana iya zaɓo ɗaya ya taka ta son ransa. To, yadda take yi a allo, haka take yi a ƙasa? E da a'a. Ga dalilai.

Taya ce uwar lissafi

Masu haɗa wasannin tsere suna samun inji da sauƙi. Ƙarfinsa a rubuce yake, nauyin mota a rubuce yake, haƙoran giya ana iya ƙirga su. Taya ce ke hana su barci.

Tayar da, zarurrukan cikinta a gicciye aka shimfiɗa su, wani kan wani. Tayar yau, wadda kamfanin Michelin ya yi wa rajista a 1946, zarenta a miƙe yake daga gefe zuwa gefe, ga ɗamarar waya a ƙarƙashin roba. Motocin Formula 1 sun daɗe ba su karɓi sabuwar ba: sai a 1977 ta shiga gasar, a ƙafar motar Renault. Bambancin halinsu kuwa babba ne. Tayar yau tana riƙe ƙasa gam, sai ta saki a lokaci guda. Tsohuwar taya ba ta kai ta riƙo ba, amma a hankali take saki, kuma ta fi kama ƙasa lokacin da take ɗan zamewa. Shi ya sa a tsofaffin hotuna za ka ga mota ta shiga kwana a karkace, ƙafafu huɗu duk suna zamewa, direba kuwa ko a jikinsa. Ba burga yake yi ba. Haka ne hanya mafi sauri ta bin kwanar da irin wannan taya.

Abin da wannan ke nufi shi ne tsohuwar mota tana gargaɗi kafin ta juya da mutum. Wasan da ya mayar da ita abar da ke watsar da direba ba sallama, ya yi mata ƙarya, ko da masu buga shi suna yabon wahalarsa.

Lissafin siddabaru

Wani farfesa a jami'ar Delft ta ƙasar Holan, Hans Pacejka, shi da abokan aikinsa suka fito da wani lissafi a shekarun 1980 wanda ke kwatanta yadda taya ke riƙe ƙasa. Suna kiransa lissafin siddabaru, domin yana dacewa da abin da aka auna ba tare da ya bayyana dalili ba. Wasanni da yawa a kansa suka ginu. Yana da lalura ɗaya mai ban dariya: a cikin lissafin zamewar taya akwai rabawa da gudun mota, idan mota ta tsaya cak gudun ya zama sifili, lissafi ya rikice. Shi ya sa a wasu tsofaffin wasanni za ka faka mota a gangare, ka ja birkin hannu, ka ga tana silalewa a hankali ko tana kakkarwa ita kaɗai.

Babbar matsalar dai ita ce lissafin yana buƙatar awo, tayar 1957 kuwa ba a ɗora ta a kan irin na'urorin awon yau ba. Sai a koma ga fina-finan tsere, da lokutan da aka rubuta, da abin da direbobi suka faɗa, da tayoyin da kamfanin Dunlop ke ci gaba da yi a kan tsohon samfuri don masu tseren tsofaffin motoci. Daga nan sai kintace. Kintacen masana ne, amma kintace ne.

Wasan da ya kori masu saye

A 1998 kamfanin Papyrus na Amurka ya fitar da Grand Prix Legends, wanda ya kwaikwayi gasar Formula 1 ta 1967. Da gangan suka zaɓi shekarar. An ninka girman inji a 1966, fukafukan da ke danne mota a ƙasa kuma ba su zo ba sai 1968. Motar Lotus 49 ta wannan shekara tana da ƙarfin doki kusan 400 a jikin da bai wuce kilo 500 da 'yan kai ba, a kan taya mai zane. Jim Clark ya ci tsere da ita ranar da ta fara fita, a Zandvoort.

Wasan ya yi wuya har ya zama abin labari. Mutum zai saya, ya kasa zagaye ɗaya ba tare da ya juya ba, ya jefar. Kasuwa ta ƙi shi. Waɗanda suka daure kuwa suka maƙale masa, suka yi ta ƙara masa filaye da motocin wasu shekarun da hannunsu, har yau akwai masu buga shi. Kamfanin bai samu izinin amfani da sunan Honda da Cooper ba, sai ya raɗa musu Murasama da Coventry, motocin kuwa kowa ya gane su.

A ganina wasan nan ya yi alheri, ya kuma bar mugun gado. Shi ya koya wa mutane cewa da totur ake karya kwana, ba da sitiyari kaɗai ba. Shi kuma ya dasa tunanin cewa duk wasan da ya fi wuya shi ya fi gaskiya. Direbobin 1967 suna yin awa biyu a cikin motocin nan, taya kusa da taya. Da motocin suna da mugun halin da ɗan koyo ke gani a allo, da ba wanda zai kai zagaye na goma.

Mai Liverpool ma ɗan gem ne

David Kaemmer, wanda ya rubuta lissafin wancan wasa, ya haɗa kai da wani attajiri mai son tseren kwamfuta a 2004, suka kafa kamfanin wasan tsere iRacing. Attajirin shi ne John Henry, wanda kamfaninsa ya sayi ƙungiyar Liverpool a 2010. Masu musun ƙwallo a gidan kallo su riƙe wannan.

Inji a gindi

Porsche 911 ta fito a 1963 da inji a bayan ƙafafun baya, wajen kashi 60 cikin ɗari na nauyinta a baya yake. Duk wanda ya taɓa ganin a-kori-kura da aka jibge wa buhunan gero a can ƙarshen bodi, ta shiga kwana bayanta yana neman wuce gabanta, ya san halin. Abin da ya fi ban tsoro shi ne maganin ya saɓa wa hankali. Idan ka shiga kwana da gudu, tsoro ya kama ka, ka ɗage ƙafa daga totur, nauyi sai ya koma gaba, bayan ya yi sakayau, mota ta juya. Dole ka ci gaba da takawa a daidai lokacin da zuciyarka ke cewa saki.

Kamfanin ya san da matsalar. A tsakiyar shekarun 1960 ya riƙa cusa dunƙulen ƙarfe mai kilo 11 a kowane gefe na bambar gaba, wai don hanci ya zauna. Motar tsere da ake ta faman rage wa nauyi, ga shi an ɗaura mata duwatsu. Daga baya aka ƙara tazarar ƙafafun gaba da na baya da milimita 57.

Wannan ɗabi'a tana cikin abubuwan da wasanni suka kama daidai, domin lissafin nauyi ne tsagwaronsa, kwamfuta kuwa ba ta kuskure a nan. Dattawan da suka tuƙa Volkswagen Beetle, wadda aka riƙa harhaɗawa a Legas tun 1975, sun san ƙaramin samfurin abin. Ferdinand Porsche ne ya zana ta, injinta ma a baya yake.

Shekaru da dama kuma babu Porsche a yawancin wasanni, saboda kamfanin Electronic Arts ya riƙe izinin amfani da ita shi kaɗai har zuwa 2016. Sauran suka bi ta bayan gida. Akwai wani ƙaramin kamfani a Jamus, Ruf, da ke karɓar gangar jikin Porsche ya gina tasa motar, doka kuma ta san shi a matsayin mai ƙera mota. Sai aka sa Ruf. Yara da yawa sun san Ruf kafin su san Porsche. Wata Ruf ruwan ɗorawa ta 1987 ta yi kilomita 342 a awa ɗaya.

Ƙwarin da suka gyara mota

Porsche 917 ta 1969 tana da gudu, amma a miƙaƙƙen titi yawo take yi daga gefe zuwa gefe, har direbobin kamfanin suna gudunta. Wani Bature ɗan Ingila da ya sayi tasa, John Woolfe, ya mutu a zagayen farko na tseren Le Mans a shekarar. An yi ta zargin sifirin da shasi. A wani gwaji da aka yi a Ostiriya a watan Oktoba, injiniya John Horsman ya duba jikin motar, ya ga matattun ƙwari sun manne a hanci da gilashi, wutsiya kuwa fes. Ya gane iska ba ta taɓa wutsiyar ke nan, ba abin da ke danne bayan motar. A nan filin aka yanko falankin alminiyom aka ɗaga wutsiya. Motar ta nutsu, ta ci Le Mans a 1970 da 1971. Wadda ake tuƙawa a yawancin wasanni ita ce wannan gyararriya.

Shasinta na bututun alminiyom kilo 42 ne kacal. Ana hura masa iska a rufe, a sa ma'auni, idan allura ta sauka an san wani wuri ya tsage. Kan sandar giyarta kuma katako ne, don rage nauyi.

Ƙanana a gurguje

Lamborghini Miura tankin manta a gaba yake. Yayin da mai ke ƙarewa hanci yana yin sakayau, a babban gudu sitiyari ya riƙa yin sako-sako a hannu. Wasan kirki yana lissafa nauyin mai da inda yake zaune, na banza kuwa mai lamba ce kawai a gefen allo.

Maserati 250F, wadda Juan Manuel Fangio ya ci gasar duniya da ita a 1957 yana ɗan shekara 46, toturinta a tsakiya yake, birki a dama. Stirling Moss ya sa an sauya masa tasa. Mai tuƙa ta a gem yau yana taka totur a dama, bai ma san an yi masa rangwame ba.

Ford GT40 tsayinta daga ƙasa inci 40 ne, daga nan ta samu suna. Direba Dan Gurney dogo ne, sai da aka bubbuga masa ƙullutu a rufi don hularsa ta samu wuri.

Wasan Gran Turismo 4 ya sa motar Benz ta 1886 mai ƙafa uku, wadda ɗan keke mai ƙwari zai wuce ta.

Shekaru da yawa ana yi wa wasannin Gran Turismo dariya cewa injinansu suna kuka irin na na'urar zuƙe ƙura. A wasanninsu na farko kuma ka daki bango da gudun 250, mota ta dawo ko ƙwarzane babu. Kamfanonin mota ba sa son a ga hajarsu a lotse.

Birki da giya

Tsohon birki na ganga ne, irin wanda bakanike ke buɗewa ya busa ƙurar cikinsa. Idan ya ɗau zafi ganga tana buɗewa, ƙafa ta yi ta nutsewa, mota ba ta tsayawa. Jaguar ta ci Le Mans a 1953 da birkin faifai, kowa ya farka. Mercedes ta zo a 1955 da nata birkin ganga, sai ta ƙara wani murfi a bayan direba wanda ke miƙewa tsaye ya tare iska. Wasanni kaɗan ne ke sa birki ya gaji yadda ya kamata. A yawancinsu birkin zagaye na talatin daidai yake da na farko.

Giya kuwa, yawancin motocin tsere na da ba su da abin da ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu. In za ka sauko giya sai ka taka kuloci, ka dawo firi, ka saki, ka ɗan zuga inji, ka sake takawa, sannan ka saka, duk wannan kana kan birki da tsinin ƙafa, dunduniya tana taɓa totur. Turawa masu gem suna sayen fedoji uku masu tsada su yi wata da watanni suna koyon wannan. Tsohon direban gingimari mai bodin katako da ya yi jigilar gyaɗa da shanu tsakanin Azare da Kano, kuloci biyu shi ne tuƙin da ya sani tun yana yaron mota. Da kunne yake jin lokacin da giya za ta shiga.

Wa zai ba da aron motar biliyoyi?

Ferrari 250 GTO guda 36 aka ƙera tsakanin 1962 da 1964. An yi gwanjon ɗaya a 2018 a kan dala miliyan 48 da 'yan kai. A watan Mayun 2022 aka sayar da wata Mercedes 300 SLR mai rufi, ɗaya daga cikin biyu da ke duniya, a kan yuro miliyan 135. Mai irin wannan mota zai bari a ɗauki hotonta, a auna ta, a naɗi kukan injinta. Ba zai bari wani ɗan kwamfuta ya kai ta bakin zamewa don ya ji inda take saki ba. Saboda haka yawancin masu musu a kan ko motar gem ta yi daidai da ta gaske, da masu cewa e da masu cewa a'a, babu wanda ya taɓa zama a cikinta.

Ko waɗanda ake tsere da su a yau, a bikin tsofaffin motoci na Goodwood a Ingila, ba su ne na da ba sak. Mai ya fi kyau, roba ta fi kyau, an gyara inji da kayan aikin zamani, da yawansu sun fi gudu yanzu a kan lokacin ƙuruciyarsu. To wacce za a kwaikwaya?

Tsadar ma ta bi su har cikin wasa. A Gran Turismo 7 na 2022, farashin tsofaffin motoci ya riƙa hawa da sauka bisa ƙiyasin Hagerty, wani kamfanin inshorar tsofaffin motoci a Amurka. Talaka a gari, talaka a gem.

Jiki magayi

Nan ne gizo ke saƙar. Direba ba da ido yake fara sanin bayan mota ya zame ba. Mazauninsa da bayansa da cikin kunnensa ne ke gaya masa, hannu ya gyara sitiyari kafin ido ya gani. Mai gem yana zaune a kan benci da ba ya motsi, sai hoto ya karkace sannan ya sani, lokacin kuwa an makara. Lissafin wasa yana iya zama daidai ɗari bisa ɗari, tuƙin kuma ya fi na gaske wuya, don an cire wa direba rabin abin da yake ji da shi. Wasan Assetto Corsa, wanda wani ƙaramin kamfanin Italiya ya haɗa lokacin da ofishinsa yake cikin filin tseren Vallelunga, yana sake lissafin mota sau 333 a daƙiƙa guda. BeamNG yana yi sau 2,000. Duk da haka bencin bai motsa ba.

Ta wani gefen kuma gem ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, don babu tsoro. Jeremy Clarkson na shirin Top Gear ya gwada a 2005: ya zagaya filin Laguna Seca da Honda NSX a Gran Turismo 4 cikin minti 1 da daƙiƙa 41, ya je filin na gaske da motar gaske, ya kasa yin ƙasa da minti 1 da daƙiƙa 57. Bangon gaske ba ya yafiya.

Direbobin da kuwa da mutuwa suke kwana. Jackie Stewart ya yi hatsari a Spa ta Beljiyam a 1966, ya maƙale wajen minti 25 mai yana kwarara a jikinsa, sai da aka ari sifana a wurin wani ɗan kallo aka kwance sitiyari. Daga ranar ya riƙa manna sifana a cikin motarsa. Lorenzo Bandini ya ƙone a Monako a 1967, Jim Clark ya mutu a Hockenheim a Afrilun 1968. Mutumin da ya san haka yana barin ɗan rara a kowace kwana. Ɗan gem ba ya bari, shi ya sa lokutansa sukan fi na zakarun da yake kwaikwayo.

Kada a ce wasan banza ne. Jann Mardenborough ya ci gasar Gran Turismo a 2011, a 2013 ya zo na uku a ajinsa a Le Mans ta gaske. Max Verstappen, a watan Mayun 2024, ya yi tseren kwamfuta na awa 24 tare da ƙungiyarsa a ƙarshen makon da ya ci tseren Imola, ya haɗa nasara biyu. Sai dai motocin zamani ne, waɗanda kowane ƙusa nasu yana da awo a kwamfuta.

Babban yatsa

Leƙa gidan gem da yamma. Janareta yana kuka a waje, talabijin uku ko huɗu a jere, kusan duka ƙwallo ake bugawa. A na ƙarshe wani yaro ya sa tsere. Hannun gem ɗinsa an naɗe shi da salatif, robar sandar hagu ta cinye har ƙarfe ya fito. Yana zuwa kwana sai ya karkata kafaɗa da kai da harshe gaba ɗaya, babban yatsa ya tura sanda har ƙarshe. Tafiyar sandar nan ba ta kai tsawon gaɓar yatsa ba, ita ce kuma ke wakiltar sitiyarin katako mai faɗi da ake juyawa da hannu biyu. Don kada mota ta kife a kowace kwana, wasan yana tace abin da yatsa ya yi a ɓoye, ya rage, ya sassauta. Yaron yana tuƙi, kwamfuta tana tuƙi tare da shi. Wanda ke son jin tsohuwar mota sai da sitiyarin gem mai juyawa digiri 900 wanda ke ja da hannu, kuɗinsa kuwa ya fi ƙarfin yawancin gidajen gem na ƙasar Katagum.

Fijon da muka raina

Motar da aka yi tasi da ita, aka yi motar gwamnati, aka ɗauko amare, zakarar tsere ce. Peugeot 504 ta fito a 1968, ta zama motar shekara a Turai a 1969. A 1975, shekarar da aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna, 504 ta ci tseren Safari na Kenya a hannun Ove Andersson, ta ci na Maroko a hannun Hannu Mikkola, ta ci na Bandama a Kwaddibuwa. Mai ƙofa biyu da injin V6 ta sake cin Safari a 1978. Yayarta 404 ta riga ta ci Safari sau huɗu a shekarun 1960. Faransa ta daina ƙera 504 a 1983, Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Sirrinta doguwar tafiyar sifirin da shokozoba, da tsayi daga ƙasa, da ƙashi mai jure duka.

Tseren Afirka kuwa ba wasa ba ne. A Bandama ta 1972 ko mota ɗaya ba ta kai ƙarshe ba. A 1965 Joginder Singh na Kenya ya ci Safari da tsohuwar Volvo ta hannu da shi da ɗan'uwansa suka gyara. Tseren Faris zuwa Dakar, wanda ya sha ratsa Agadas da hamadar Tenere, Porsche ta ci shi a 1984 da 1986. A 1988 aka sace Peugeot ɗin Ari Vatanen a Bamako yana kan gaba a tseren. A shekara mai zuwa, a Gao, shugaban tawagar Peugeot Jean Todt ya ga direbobinsa biyu za su kashe kansu a kan gasa da juna, sai ya jefa kwabo sama, Vatanen ya ci, Jacky Ickx ya haƙura.

Yashi kuma shi ne inda wasanni suka fi rauni. Kwalta ana auna ta da hasken leza, kowane tudu da rami ya shiga kwamfuta, kuma tana nan yadda take. Yashi yana nutsewa, yana taruwa a gaban taya, mota ta biyu ba ta samun hanyar da ta farko ta samu. Dubi direban da ke shiga ƙauyukan Gamawa ranar kasuwa da tsohuwar Fijo mai bodi. Kafin ya bar burji zai sauko ya danna bakin bawul da tsinke, ya rage iska har taya ta ɗan baje. Ya sa giya ta biyu, ya riƙe totur daidai wa daida, ba ƙari ba ragi. Sitiyari yana rawa a hannunsa, bai damƙe shi ba, ya bar ƙafafun gaba su bi sawun da suka samu. Bayan mota yana lilo, bai kula ba. Birki kuwa ko kallonsa ba ya yi, don ya san yana taɓawa hanci zai nutse, sai fasinja sun sauko turi. A gargada kuma ƙara wuta yake yi har mota ta riƙa bi ta kan tudun, karkarwa ta lafa. Wannan mutumin ya fi yawancin zakarun intanet sanin abin da Andersson ya ji a hannunsa a 1975.

Manyan kamfanonin wasa sun fi son Peugeot 205 T16 ta shekarun 1980, hanyoyinmu kuwa ba sa cikin lissafinsu. Amma Assetto Corsa da BeamNG a buɗe suke, kowa yana iya gina motarsa da hanyarsa ya saka. Ferrari ta dala miliyan 48 ba za ta zo hannunmu ba, 504 kuwa tana nan a bayan gareji a Azare da Misau da Potiskum, ana iya auna ta, a ɗora ta a sikeli, a naɗi kukanta, a zaunar da direbanta ya faɗi inda aka yi daidai da inda aka kauce. Matasanmu masu karatun kwamfuta a Gadau da Azare, ga aiki nan. Ku hanzarta kafin 'yan gwangwan su yanka ta su sayar a kilo.